Muhawara: Baron mai inji biyu ko Meridian mai inji ɗaya?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Shekara shida ke nan da na karɓi lasin tuƙin jirgin sama a Afirka ta Kudu. Yanzu ina da awa 430, ina da izinin tuƙi cikin gajimare, na kuma yi na inji biyu, amma awa 28 kacal gare ni a kansa. Zirga-zirgata Kano zuwa Abuja ce kusan duk mako biyu, Legas sau ɗaya a wata, sai Jos wajen surukaina. Duka ba za su wuce awa 100 a shekara ba. Allah ya hore mini abin da zan sayi ƙaramin jirgi na hannu, kuma biyu ne a gabana: Beechcraft Baron 58 mai injin fistan biyu (irin na mota), da Piper Meridian mai injin tabain guda ɗaya (dangin injin manyan jirage, amma farfela yake juyawa). Kuɗin Meridian ɗin ya ninka na Baron fiye da sau biyu. Zuciyata tana wajen Baron, don idan na ɗauki uwargida da yara ina son in duba dama in ga inji, in duba hagu in ga inji. Me kuka gani?

Injiniyan Hanga:
Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka. Kafin a shiga batun inji ɗaya ko biyu, tambaya ɗaya zan yi maka: a ina za ka sha mai? Baron Avgas yake sha, fetur ɗin nan mai launin shuɗi. A yawancin filayenmu ba motar mai da za ta zo ta zuba maka shi. A duro ake shigo da shi, sai ka saya ka ajiye, ka kuma tanadi wanda zai kai maka shi inda za ka sauka. Baron yana shan kusan lita 120 a awa, duro kuma lita 200 ne. Ka lissafa Kano zuwa Legas da dawowa, ka ga duro nawa ke nan. Meridian kuwa Jet A-1 yake sha, kananzirin da manyan jirage ke sha, duk filin da jirgin fasinja ke sauka akwai shi.

Ɗalibin Zariya:
Maganar Injiniya gaskiya ce. A kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya ma an daɗe ana koyarwa da Tampico da Baron masu shan Avgas, daga baya aka kawo Diamond DA40 da DA42 masu shan Jet A-1. In makarantar gwamnati ta ga dacewar kauce wa Avgas, ina ga mutum ɗaya?

Baban Khalifa:
Na yi magana da wani mai kawo shi, ya ce zai riƙa ajiye mini a Kano da Abuja. Matsalar mai ana iya magance ta da kuɗi. Mutuwar inji a sama kuwa kuɗi ba ya maganinta. Abin da ke hana ni barci ke nan.

Tsohon Kyaftin:
Ɗana, na karanta duka. Bari in ba ka labarin abin da ya same ni, sai ka auna da kanka.

Ina tuƙa Cessna 402 a wani kamfani, shekaru da yawa da suka wuce. Watan Afrilu ne, bayan azahar, zafi ya kai inda kwalta ke laushi. Fasinja shida da kayansu. Mun tashi lafiya, na ɗaga tayoyi, ba mu kai ƙafa 200 daga ƙasa ba sai na ji wata ƙara daga dama, hancin jirgin ya fizge zuwa can kamar an ja shi da igiya. Na danna fedar hagu har ƙasa. Abin da aka koya mana shi ne ƙafar da ta zauna ba aiki, ita ke nuna maka injin da ya mutu. Na tabbatar, na juya fikafikan farfelar dama suka miƙe da iska, na riƙe allurar gudu a kan shuɗin layi, wato alamar gudun da jirgi ya fi hawa da inji ɗaya. Na duba agogon hawa, ƙafa ɗari da 'yan kai a minti. Da inji biyu mun saba ganin fiye da dubu. Akwai wata bishiyar kuka a gabanmu, na ga rassanta ɗaya bayan ɗaya lokacin da muka wuce ta. Sai da na yi minti biyar ina tafiya miƙe kafin na sami tsayin da zan iya juyawa. Da muka sauka, ƙafata ta hagu rawa take yi, sai da aka kama ni na fito.

Ranar nan inji na biyu ya cece mu, da ikon Allah, ba na musun wannan. Amma a lokacin ina da awa sama da 3,000, ina tuƙa jirgin nan kusan kullum, kuma duk wata shida sai an kashe mini inji ɗaya a jarrabawa. Hannuna ya yi aikin kafin kaina ya gama fahimtar abin da ya faru. Kai awa 28 gare ka, za ka kuma riƙa tashi sau biyu ko uku a wata. Da na ja hancin sama kaɗan don tsoron kukar nan, gudun ya faɗi ƙasa da jan layi, wato mafi ƙarancin gudun da ake iya sarrafa jirgi da inji ɗaya, da jirgin ya kife da mu. Abin da ke kashe masu inji biyu ke nan, injin da ya rage shi ke juya jirgin.

Baban Khalifa:
Subhanallah. Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma ranka ya daɗe, me ya sa hawan ya ragu haka? Ai rabin ƙarfin ne kawai ya tafi.

Tsohon Kyaftin:
Jirgi ba da dukkan ƙarfinsa yake hawa ba, da rarar da ta saura yake hawa. Ɗauki misali: Baron yana da ƙarfin doki 600, kowane inji 300. A ce doki 240 yake bukata don ya tsaya a iska ba hawa ba sauka. Rarar 360 ke nan. Inji ɗaya ya mutu, saura 300, rarar ta koma 60, ga jirgin yana tafiya a karkace iska na ƙara riƙe shi. Shi ya sa ake cewa rabin ƙarfi ka rasa, amma kashi 80 cikin 100 na hawa ya tafi.

Ka ambaci Jos. Filin Jos yana kan tudu, sama da ƙafa 4,200. Idan zafi ya kai digiri 32, iskar ta yi sirara, jirgi zai ji kamar yana ƙafa 7,000 da wani abu tun yana kan titi. Buɗe littafin Baron 58 ka duba iyakar tsayin da yake iya riƙewa da inji ɗaya idan ya cika lodi. Wajen ƙafa 7,000 ɗin ne. Ma'ana, ranar da ka kwaso iyali daga gidan surukai da rana tsaka, in inji ya mutu bayan tashi, na biyun ba zai hau da kai ba. Kano ma da take ƙasa da ƙafa 1,600, a zafin digiri 40 jirgi yana jin kamar ƙafa 5,000 ne.

Bakano a Texas:
Baba Kyaftin, da girmamawa, an karkata gefe ɗaya da yawa. Ina da kaso a wani Baron 55 a nan, mu uku muka haɗa kuɗi, shekara takwas ke nan. Haɗarin da kuke magana a kansa na daƙiƙa talatin ɗin farko ne bayan tashi. Sauran awa biyun tafiyar fa? In inji ya mutu mini ina ƙafa 9,000 da dare, zan gangaro a hankali in nemi fili in sauka kamar kowa. Mai Meridian kuwa ya zama ungulu, sai inda iska ta kai shi. Ku tuna hanyar Legas, daga wajen Ilorin zuwa kudu daji ne da gidaje, ba fili irin na Arewa ba. PT6, injin Meridian, inji ne mai aminci, na yarda, amma ɗan Adam ne ya ƙera shi, ya kuma taɓa mutuwa a sama. Akwai famfon mai, akwai na'urar sarrafa man, duk guda-guda ne.

Sannan maganin ƙarancin gogewa horo ne. Da bambancin kuɗin jiragen nan biyu Alhaji zai iya zuwa horo duk wata shida har tsawon rayuwarsa.

Tsohon Kyaftin:
Ba ka yi ƙarya ba, a tsakiyar tafiya inji biyu ya fi. Amma ka faɗa masa cewa a Texas kowane ƙaramin gari yana da filin jirgi da famfon Avgas, malamin koyarwa kuma waya ɗaya ce. Wa zai zauna da shi a Baron a Kano duk wata shida ya kashe masa inji?

Maman Sultan:
Salam. Ni mataimakiyar matuƙi ce a jirgin fasinja, kafin nan na yi shekara biyu a kan jirgin Caravan, wanda shi ma PT6 ɗaya ne. Ina son in gyara maganar ungulu. Meridian ba a ƙafa 9,000 yake tafiya ba, a 25,000 zuwa 28,000 yake. Ko da ka ɗauki lissafi mai tsauri, kilomita uku da rabi a kowace ƙafa dubu, daga 27,000 kana da kusan kilomita 100 a kowace kusurwa, da fiye da minti ashirin na tunani da kiran hasumiya. A hanyar Kano zuwa Legas akwai Kaduna, Minna, Ilorin, Ibadan. Mutum zai iya tsara hanyarsa ya bi kusa da su.

Tarayyar Turai ta daɗe tana hana ɗaukar fasinjan kuɗi da inji ɗaya cikin dare ko gajimare, amma a 2017 ta halatta wa masu injin tabain. A Ostireliya, Royal Flying Doctor Service suna kwasar marasa lafiya dare da rana da Pilatus PC-12, inji ɗaya, a kan hamadar da ba kowa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne yanayi. Baron 58 ba shi da matsin iska a ciki, wato tsarin da ke sa a yi numfashi ba wahala idan an hau sama sosai. Da ka wuce ƙafa 10,000 zuwa 12,000 sai batun oksijin, kuma duk wadda ta taɓa ƙoƙarin sa wa ɗan shekara uku abin rufe hanci ta san ba zai zauna ba. To a ƙasa za ka zauna, cikin ƙurar hunturu da jijjigar zafin rana, yara na amai. Da damina kuma kana cikin gajimare ba ka ganin inda hadarin yake. A sama kana hango su tsaye kamar duwatsu, ka kewaye. Kada dai wani ya ce maka za ka haye su, hadarin ƙasarmu yana wuce ƙafa 45,000, mu ma a manyan jirage kewayewa muke yi.

Bakano a Texas:
Hajiya, tsayin nan ma yana da nasa haɗarin. In matsin iskar ya zube a ƙafa 25,000, minti uku zuwa biyar gare ka kafin hankali ya gushe. Kuma jirgi mai gudun kilomita 480 a awa yana riga mai awa 430 tunani. Ba a inji ake samun yawancin haɗurran irin waɗannan jirage ba, a matuƙi ne.

Maman Sultan:
Na yarda ɗari bisa ɗari, shi ya sa ba zan ce ya hau shi kaɗai ba. Amma ka ƙirga sandunan da ke hannunka a Baron: biyu na wuta, biyu na farfela, biyu na cakuda mai da iska, shida. Ga kula da zafin silinda. A Meridian sanda ɗaya ce kake turawa kana ja. Ranar da hazo ya rufe Kano kana neman titi, raguwar aikin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Injiniyan Hanga:
Bari in shigo da nawa ɓangaren, don ni zan kwana a ƙarƙashin jirgin. Baron silinda 12 ne, fulogi 24, magineto 4, farfela 2. Ba ya zuwa da babbar matsala sau ɗaya, ƙananan ne ba sa ƙarewa: yau bawul ya ƙone, gobe salansa ta tsage, jibi dalmar Avgas ta toshe fulogi. Kowane ƙaramin abu sai an yi odarsa daga Amurka da dala, a jira kwastan. Na ga jirgi ya yi sati bakwai a hanga saboda silinda ɗaya. Injin Continental ana yi masa garambawul tsakanin awa 1,700 da 2,000, ya danganta da samfurin, amma kamfanin ya kuma ce ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Alhaji da awa 100 a shekara, shekarun ne za su cim masa, ba awannin ba. Injin fistan kuma ba ya son zama, tsatsa ke cin cikinsa.

PT6 kuwa awa 3,600 ne kafin garambawul, a tsakiya a buɗe ɓangaren wuta a duba. Tsakanin nan ba ya damun kowa, sai wanke masa ƙura. Amma ranar da ya nemi kuɗi, ba ya neman kaɗan. Garambawul ɗinsa dala dubu ɗaruruwa ne, kuma sai an cire shi an tura waje. Kuskure ɗaya wajen tayarwa, batir ya yi sanyi ka ba shi mai kafin ya kai juyin da ya kamata, zafi ya haura iyaka, cikin daƙiƙa kaɗan ka ƙona kuɗin gida. Don haka Alhaji, in Meridian ɗin ne, tambaya ta farko awa nawa suka rage wa injin, ta biyu wa ya riƙa tayar da shi.

Bakano a Texas:
Injiniya, ka manta lodi. Meridian kujera shida ne a ido, amma cika masa tanki ka ga abin da ya saura. Manya biyu da 'yan jakunkuna, shi ke nan. Baron ya fi shi ɗaukar kaya. Kano zuwa Abuja kuma kilomita 360 ne kawai. Kafin Meridian ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi, a ƙasa kuwa tabain zuƙar mai yake yi. Bambancin bai fi kwata ɗin awa ba. A Legas ne, mai nisan kilomita 830, za a ga bambanci na gaske.

Injiniyan Hanga:
Wannan gaskiya ce. Sai dai ba ya bukatar cikakken tanki zuwa Abuja, zai rage mai ya ƙara mutane. Amma lallai a yi lissafin da alƙalami.

Na Damagaram:
Assalamu alaikum. Ni ba matuƙi ba ne, na yi aikin ba jirage mai shekara goma sha ɗaya. Alhaji, ka ce matsalar mai kuɗi ke magance ta. Ka yi haƙuri, ban yarda ba. Injinan nan biyu mai ɗaya suke sha, daga duro ɗaya. Na taɓa buɗe duron da ya kwana a tsaye cikin damina, ruwa ya taru a kan murfinsa, da rana ya yi zafi da dare ya huce ya zuƙe ruwan ciki. Na tsiyaya a kwalba, sai ga ruwa kwance a ƙasa kamar yatsa biyu, shuɗin man yana samansa. Da an zuba shi, duka injinan ne za su tsaya, kuma daidai lokacin tashi. Akwai kuma kuskuren da aka sani a duniya, yaro ya ga jirgi mai farfela biyu ya ɗauka tabain ne ya zuba masa Jet A-1. Injin fistan zai tashi da sauran man da ke cikin bututu, ya hau sama, sannan duka biyun su lalace tare. A filin da kowa Jet A-1 ya saba zubawa, wannan ba abu ne mai nisa ba. PT6 kuwa ko Avgas aka ba shi bisa larura zai sha, littafinsa ya yarda har awa 150 tsakanin garambawul biyu.

Ku duba masu jiragen agaji irin su MAF da ke aiki a Chadi da sauran ƙasashen Afirka. Sun yi shekaru da Cessna 206, suka riƙa komawa Caravan da Kodiak, kuma wahalar Avgas na cikin manyan dalilan.

Baban Khalifa:
Malam, wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na gode.

Ɗalibin Zariya:
Manya, a yi mini afuwa in na yi katsalandan. Me zai hana a duba Diamond DA62? Inji biyu ne na fistan amma irin na dizal, Jet A-1 yake sha, kujera bakwai, kowane inji sanda ɗaya, kwamfuta ke kula da sauran. Shansa bai kai rabin na Baron ba. Yana da turbo, na'urar da ke ƙara cusa wa inji iska, don haka da inji ɗaya yana riƙe sama da ƙafa 10,000, batun Jos ya sauƙaƙa.

Tsohon Kyaftin:
Ba katsalandan ba ne yaro, magana ce mai kyau. Ya warware mai, ya rage matsalar tudu. Bai warware matsin iska ba, kuma in inji ya mutu bayan tashi sai an taka feda an riƙe shuɗin layi kamar kowane mai inji biyu. Amma ya fi Baron dacewa da ƙasarmu nesa ba kusa ba.

Injiniyan Hanga:
Injin Austro da ke kan DA62 sai wanda ya yi kwas a kansa, da kwamfutar karanta shi. Ni ban yi ba tukuna. Na hannunsa kuma bai yi araha ba, don jirgin bai tsufa ba, kuɗinsa zai kusanci na Meridian ɗin.

Bakano a Texas:
Ni dai har yanzu in da dare ne da iyalina, inji biyu zan hau. Amma na sauka daga kan Baron a Kano. Maganar Malam na Damagaram ta ishe ni.

Baban Khalifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na kira dillalin ɗazu na ce a cire Baron daga lissafi. Saura Meridian da DA62, kuma zan nemi in hau kowanne kafin in yanke. Na yi wa uwargida alkawari a gabanku: duk wanda na saya, awa 50 na farko da gogaggen matuƙi a gefena, ba zan ɗauki yara ba sai na gama su, ba kuma tashin dare a shekarar farko. Baba Kyaftin, in ka amince ina son in kawo maka lissafin lodi ka duba. Injiniya, za ka iya raka ni Johannesburg duba Meridian ɗin?

Tsohon Kyaftin:
Ka zo ranar Asabar bayan la'asar. Ka auna kowa a sikeli, har da jakunkunan da Hajiya ke tafiya da su Jos, kada ka kawo mini ƙiyasi.

Injiniyan Hanga:
Zan je in sha Allah. Kafin mu sayi tikiti ka ce su turo hoton littafin tarihin injin daga shafin farko, da rahoton duba ɓangaren wuta na ƙarshe, da bayanan zafin tayarwa da na'urar jirgin ta adana. In sun ce za su turo rabi, ka gaya mini kafin ka biya ko sisi na kafin alƙalami.